Jakar Sojan da Na Shafa wa Kakin Zuma

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da zan ba ku labarinsa ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi tallahi ko Alƙur'ani aka ɗora mini aka ce in maimaita zan maimaita ba ragi ba ƙari. Shekara goma sha ɗaya ke nan ko sha biyu, lokacin ina da rumfa a Daura, can ta wajen tasha, ina ɗinkin tamfol na motocin kaya, in yi rigar kujerar babur, in gyara jaka da takalmi in an kawo. A wurin kawuna na koyi sana'ar, kuma ba yabon kai ba, duk layin nan in aka ce ana so abu ya daina shan ruwa, wurina ake turo mutum. Direbobin da ke kai hatsi Kano ni ke yi musu tamfol, masu shanu da ke saukowa daga Mashi ni ke gyara musu jakunkuna. Ina faɗin wannan ne don ku san irin sunan da aka ɓata mini a kan laifin da ban yi ba, don har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

A shekarar damina ta faɗi da wuri, kowa ya yi shuka, sai kuma ruwa ya ɗauke cak, kusan sati uku ko yayyafi babu, gero ya fara lanƙwashewa a gona har ana maganar fita roƙon ruwa. Zafi kuwa ba a magana, kwanon rumfata in ka taɓa shi da rana sai ka janye hannu. A cikin wannan halin ne wani malami ya zo wurina da hantsi, Malam Sabi'u, mutumin wani ƙauye ta wajen Baure, zai yi shekara hamsin, yana karantar da magidanta a garuruwa biyu, kullum yana kan babur tsakaninsu. Ya kwance wata jaka daga bayan babur ɗin ya ajiye mini a kan tebur, ya ce an ce masa ni ne na iya aikin kaki, yana so a yi mata yadda ko ruwan sama ya kama shi a hanya ba abin da zai shiga ciki, saboda littattafan mahaifinsa na rubutun hannu yake so ya riƙa zubawa, gafakarsu ta tsufa ta yage.

Na ɗauki jakar na juya ta. Kai, ni dai tun da nake ban taɓa riƙe yadi mai kyau irin wannan ba. Jakar soja ce ta da, ta zamanin Turawa, yadinta mai kauri kamar fatar sa, launinta tsakanin kore da ruwan ƙasa, maɗauranta na tagulla duk sun yi kore, a cikin murfin akwai wasu lambobi da suka kusa gogewa da wata alama kamar sawun kaza. Ɗinki ɗaya bai warware ba sai wajen maratayi. Abin da kawai na lura da shi, ta yi sanyi a hannu, irin sanyin abin da aka ajiye a gindin randa, kuma tana ɗan warin danshi. Na ce, Malam, a ina aka ajiye ta haka? Ya ce ta gado ce, a ɗaki take rataye. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan, wallahi bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya ce zai dawo jibi, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Yanzu bari in gaya muku yadda na yi aikin dalla-dalla, don a nan ne aka yi mini ƙarya. Tsohon yadi irin wannan ba a wanke shi da sabulu in za a sa masa kaki, ko ɗan koyo ya san haka. Buroshi na sa a bushe na kakkaɓe ta ciki da waje, na juya cikinta waje na shanya ta a kan kwanon rumfa tun daga hantsi har la'asar, a wannan ranar da na gaya muku, na sauko da ita ta bushe ƙarau har tana ƙara in an lanƙwasa ta. Na ɗinke maratayin da basilla. Washegari na sami kakin zuma mai kyau wurin wani Bafulatani da ke kawo mini, na haɗa kashi ɗaya na kakin da kashi biyu na kyandir, na zuba a gwangwani, na sa gwangwanin cikin ruwan zafi a kan gawayi har suka narke suka haɗu. Sai na riƙa ɗiba da buroshi ina shafawa, na fara da layin ɗinki da kusurwoyi don ta nan ruwa ke fara shiga, sannan sauran jikin, sannan na hura dutsen guga na gawayi, na ɗora tsohon ƙyalle a kai ina bi a hankali, kakin yana nutsewa cikin zaren, launin jakar yana ƙara duhu yana sheƙi. Duk tsawon aikin, ruwa ko ɗigo bai taɓa jakar nan ba a hannuna, Allah shi ne shaidata.

Ina cikin gugar, bayan mun dawo daga sallar azahar, sai na ji mutum a tsaye a kaina. Na ɗago, na ga wani saurayi dogo, baƙi, siriri, ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba, da wata riga mai aljihu biyu a ƙirji da gajeren wando da ya ɗan wuce gwiwa, ƙafarsa ba takalmi. Bai yi sallama ba, wannan ya fara ba ni haushi. Maƙwabcina Idi tela, wanda kekensa ke jikin rumfata, shi ne ma ya jawo masa benci ya ce, bawan Allah zauna mana, rana ta yi zafi. Ya zauna, idonsa a kan jakar, ni kuma na ci gaba da aikina. Can sai ya yi magana, kuma yana da in'ina, sai ya kama kalma ya ja ta kafin ta fito.

Ya ce, "Wa... wa ya ce ka toshe ta?"

Na ce, "Mai ita."

Ya ce, "Ba tasa ba ce."

Na ajiye dutsen guga, na ce malam, in rigimar gado ce tsakaninku ku je gida ku yi, ni aiki aka kawo mini, kuma mutum ya kan yi sallama in ya zo wurin mutane. Bai ko kalle ni ba. Ya miƙa hannu ya shafa jikin jakar inda na gama gogewa, wurin da zafi fa, kakin bai gama daskarewa ba, amma ko gezau bai yi ba. Sai ya ce, a hankali, kamar mai tambayar kansa, "To yanzu ta... ta ina zai fita?" Na ce me zai fita? Ya ce, "Ruwan." Na yi tsaki na ce ai aikin ke nan, kada ruwa ya shiga, in ba ka da abin yi ka ba ni wuri. Ya tashi ya bi ta bayan motocin da ke lodi, ban ƙara ganinsa ba.

Da ya tashi ne muka ga bencin ya jiƙe sharkaf inda ya zauna, har yana ɗiga ƙasa, ga sawun ƙafa jiƙaƙƙu a kan ƙasar da ta yi sati uku ba ta ga ruwa ba. Idi tela ya yi ta masifa, ya ce wannan ko daga wankin mota yake, mutum ya zo ya jiƙa wa mutane wurin zama ko ban haƙuri babu, ya ɗauko ragowar yadi ya goge bencin da hannunsa. Da hannunsa fa! Muka yi dariya, muka ce wataƙila mai taɓin hankali ne, kowa ya koma kan aikinsa.

Malam Sabi'u ya dawo ranar da ya ce. A gabansa na ɗauki buta na kwarara wa jakar ruwa ta waje, ruwan ya riƙa tattaruwa yana gangarewa kamar a bayan agwagwa, na buɗe na ce ya sa hannu ya ji, ya sa, ya ce bushe take, ya yi ta sa mini albarka. Ya sallame ni, ya tafi yana murna.

Kwana huɗu tsakani, ranar kasuwa, wuri ya cika maƙil, sai ga shi ya dawo, tun kafin ya kashe babur yake ɗaga murya. Ya zazzage jakar a kan teburina, innalillahi, littattafan nan sun zama kamar an jiƙa su za a yi kunu, takardu sun manne da juna, tawada ta narke ta bi ko'ina, rubutun mahaifinsa na shekara da shekaru ya tafi. Ni kaina da na gani na san abu ne da ba a sayen irinsa a kasuwa. Na ce Malam, ruwa ya kama ka ne a wani wuri? Ya ce wane ruwa, kowa a nan ya san ba a yi ruwa ba, kai ne ka wanke ta ba ka bari ta bushe ba ka rufe ruwa a ciki da kakinka, maha'inci, algungumi, wanda ba ya tsoron Allah a sana'arsa. A gaban direbobin da nake yi wa aiki yake kirana maha'inci, a gaban masu shanu, a gaban mata masu sayar da fura. Na ce Malam ka ji tsoron Allah, ba kai ka sa hannu a ciki ka ce bushe take ba? Ya ce ai a cikin zaren ruwan ya ɓuya. Ku ji fa! Ruwan da zai narkar da littafi biyar wai a cikin zare ya ɓuya.

Jama'a suka taru, aka kira Alhaji Mamman, shugaban layinmu, dattijo mai sayar da tayoyi, shi ke sasanta mu in an samu saɓani. Na ce Alhaji, ni ba na son dogon surutu, a yi gwaji a gaban kowa. Aka juya jakar, Alhaji da kansa ya goge cikinta da tsumma, aka shanya ta a kan murfin injin wata mota har ta yi zafi ta bushe, mutum ya fi goma da suka sa hannu suka tabbatar. Sannan aka mayar da ita daidai, ba komai a ciki, aka ɗaure maɗauran, aka rataye ta a ƙusa a jikin ginshiƙin rumfata ta waje, rana tana dukanta, kowa yana gani. Ni kuwa na koma can nesa na zauna a kan taya don kada a ce na taɓa.

Tun ana hira ana dariya, har kowa ya zuba wa jakar ido. Kafin a kira azahar gindin jakar nan ya fara saukowa, ya yi tulu, maratayin ya miƙe kamar an sa mata dutse. Waje kuwa bushe, ko ɗigo ba ya fita, don aikina ya kamu. Alhaji Mamman ya tashi ya sauke ta, na ga hannunsa ya ɗan yi ƙasa saboda nauyi, ya kwance, ya leƙa, ya ce subhanallahi, ya juye ta a ƙasa. Wallahil azim ruwa ne ya zubo, ya fi rabin buta, ja-ja mai laka, da wasu ruɓaɓɓun ganyaye baƙaƙe dogaye waɗanda ban san bishiyarsu ba, ni da na tashi a ƙauye. Warin da ya tashi irin na bakin kogi ne, kuma da ya fantsamo mini a ƙafa sanyinsa kamar na ƙanƙara. Mutane suka ja da baya, wata mai fura ta saki ludayi ta ruga.

Ni a raina na ce alhamdulillahi, Allah ya wanke ni, kowa ya ga ba wanki ba ne. Ashe ban san mutane ba. Sai wani daga baya ya ce, to ai wannan ba aikin kaki ba ne, wani abu ya haɗa a ciki. Wani ya ce dama ana cewa tamfol ɗinsa ba ya yoyo, ashe da abin da ya taka. Kafin ka ce me, magana ta juya daga ha'inci ta koma tsafi, Malam Sabi'u kuma, malami fa, wanda ya kamata ya tsawatar, sai ya tsaya yana kallon ƙasa yana jan carbi. Nan na tuna da saurayin nan, na ba da labarinsa daga farko har ƙarshe, na ce ga Idi nan, shi ya ba shi benci, shi ya goge ruwan. Na ce Idi, don Allah faɗa musu.

Idi tela, mutumin da muka yi shekara tara muna cin abinci a kwano ɗaya, wanda ni na kai matarsa asibiti a kan babur ɗina ranar da ba ya gari, ya dube ni ya dubi taron, ya ce, "Ni fa ban ga kowa ba. Ina kan ɗinkina."

Na ce, "Idi! Ba kai ka ce ko daga wankin mota yake ba?"

Ya ce, "Ni kada ka sa ni a cikin abin da ban sani ba, ina da iyali."

Jama'a, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ba na tsoro ba, na baƙin ciki. Alhaji Mamman ya ce a bar maganar haka, kowa ya yi haƙuri, Allah ya san gaskiya. Malam Sabi'u ya naɗe jakarsa a buhu ya ɗaure a babur ya tafi. Aka bar ni da jiƙaƙƙiyar ƙasa a ƙofar rumfa, mutane suna kewaye ta kamar wuta.

Daga ranar aiki ya tsaya. Direban da ya bar mini tamfol ya aiko aka karɓe shi ban gama ba. Masu shanu suka koma wurin wani can ƙasan layi, wanda ko zare bai iya ja daidai ba. In na shiga sahu a masallaci sai in ga na kusa da ni ya ɗan matsa. Matata ta je gidan suna aka riƙa yi mata habaici, ta dawo tana kuka tana tambayata wai da gaske ne akwai abin da nake sawa a cikin kaki. Matata ta aure fa, uwar 'ya'yana! Idi kuwa ya juya kekensa ya ba ni baya, gaisuwa ma sai da ido. Na yi sati biyu a haka, ruwan sama ya dawo, lokacin da ya kamata in rasa wurin ajiye aiki, ni kuwa ina zaune ina korar ƙuda. Na ce wallahi ba zan zauna a kashe ni da rai ba, sai na ji asalin jakar nan.

Ranar wata Asabar da safe na hau babur na kama hanyar Baure, ina tambaya har na sami ƙauyen, aka nuna mini gidan. Malam ba ya nan, ya tafi karatu, aka ce sai azahar. Na ce zan jira. Ina zaune a zaure sai aka ce tsohuwar gidan tana kirana, Gwaggo Delu, yayar mahaifin Malam, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Na shiga na durƙusa na gaishe ta, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta ce, kai ne mai ɗinkin Daura? Na ce ni ne, Gwaggo. Ta ce ɗan nan, an ɗauki alhakinka, shiga ɗakin can ka dubi bango.

Na leƙa. A jikin bangon akwai wani turke na rataya, daga gindinsa har ƙasa bangon ya yi baƙi ya yi fumfuna, ƙasar ta zaizaye kamar inda indararo ke zuba. Ta ce nan jakar take rataye tun tana yarinya. Ta babban wansu ce, Tanko, wanda aka ɗauka soja lokacin yaƙin Turawa aka kai su wata ƙasa mai nisa bayan teku, mai daji da koguna. Shi bai dawo ba. Wani abokin tafiyarsa ne ya kawo jakar bayan an gama yaƙi, ya ce suna ƙetare wani kogi da kaya a ka ruwa ya ja Tanko, jakar kawai aka tsamo. Ta ce tun ranar da aka kawo ta ba ta taɓa bushewa ta kwana ba, ko an shanya ta kafin wani lokaci ta sake yin danshi, tana tsattsafowa a hankali ta bi bango, rani da damina. Mahaifiyarsu ta hana a taɓa ta, ta hana a sa komai a ciki, suka saba da ita kamar yadda ake sabawa da ɗigon rufi.

Na ce, "Gwaggo, Malam ya san da wannan?"

Ta ce, "A ɗakin nan aka haife shi."

Kai! Na ji kamar an watsa mini barkono a ido. Na daure na ba ta labarin saurayin da ya zo rumfata, tsawonsa, kayan jikinsa, abin da ya ce. Sai ta ce, da yake magana, yana kama kalma? Na ce yana yi, Gwaggo, in'ina gare shi. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ni kuwa gashin jikina duk ya miƙe.

Da Malam Sabi'u ya dawo ya same ni a zaure, sai da ya yi turus. Ban bari ya zauna ba. Na ce Malam, ashe ka san jakar nan tana fitar da ruwa tun kafin a haife ka, ka kawo mini ba ka gaya mini ba, sannan ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka kira ni maha'inci? Ya ce shi a tunaninsa danshin ɗakin ne take sha, ya ɗauka in an toshe ta da kaki shi ke nan, maganar tsofaffi kuwa bai taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba. Na ce to na ji, ranar da ka ga ruwa ya taru a cikinta a tsakiyar rana fa, ana ce mini matsafi, me ya hana ka buɗe baki? Ya ce abin ne ya ɗaure masa kai. Na ce to yanzu kan ya kwance, ka zo ranar kasuwa ka tsaya inda ka tsaya ka faɗi abin da ka sani. Wallahi mutumin nan ya dube ni ya ce in duba matsayinsa, in ya je ya ce a gidansu akwai irin wannan abu wa zai ƙara zama a gabansa ya ɗauki karatu? In yi haƙuri, zai sa ni a addu'a. Wato shi matsayinsa abin dubawa ne, ni da 'ya'yana huɗu mu ci ƙasa.

Kuma bai ji kunya ba, a nan take ya ce tunda na zo, in taimaka in cire kakin, don tun da aka dawo da ita kullum sai an juye ruwa sau uku, in aka manta har maratayin yake neman tsinkewa, matan gida sun ce ba za su ƙara taɓa ta ba. Na ce hannuna ba zai ƙara taɓa jakar nan ba har abada, amma don darajar tsohuwar nan zan gaya maka yadda ake yi: a tafasa ruwa a babbar tukunya a tsoma ta, kakin zai narke ya taso sama, a kwashe, a sake har sau uku. Ya ce in tsaya in ga ko sun yi daidai. Ban so ba, amma na tsaya, ina daga bakin ƙofar tsakar gida.

Aka ɗora tukunyar biki a kan murhu, aka cika ta da ruwa, aka hura wuta da itacen kirya, ruwa ya tafasa yana ɓulɓula yana tururi, da idona na gani. Malam ya ɗauko jakar da muciya ya tsoma. Tana shiga tafasar ta tsaya cak, tururin ya ɗauke. Aka ce don jakar da sanyi ne, a ƙara wuta. Aka ƙara itace, aka ƙara kara, wuta tana lasar tukunya har gefenta ya yi baƙi, mu da ke tsaye zufa tana karyo mana, tun bayan azahar har aka kira la'asar, ruwan nan ko motsi bai yi ba, kaki ko ɗigo bai taso ba. Ni da na rantse ba zan taɓa ba, ban san abin da ya ja ni ba, na matsa na tsoma ɗan yatsa a gefen tukunyar. Jama'a, tukunya a kan wuta, ruwan cikinta sanyi ƙarara, har sai da na ji shi a cikin ƙashi.

Ban yi wa kowa sallama ba. Na fita na tayar da babur, ban tsaya ko'ina ba sai Daura, ina tafe ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Malam Sabi'u bai zo kasuwa ya wanke ni ba, har yau. Idi bai taɓa ce mini yi haƙuri ba. Na ba Alhaji Mamman labarin abin da na gani, ya ce in bar shi a cikina, ba wanda zai yarda. Kafin kaka na kwashe kayana na bar rumfar da na yi shekara goma sha uku a cikinta, na koma Mashi na fara daga farko kamar baƙo, a nan nake har yanzu, kuma alhamdulillahi ana ci ana sha. Amma ban yafe ba, ba zan ɓoye muku ba, na bar su da Allah.

Shawarata gare ku, musamman masu sana'ar hannu: in aka kawo muku tsohon abu aka ce na gado ne, ku tambaya na wa ne, yaya ya rabu da shi, me ya sa sai yanzu ake so a taɓa shi, in aka fara kame-kame ku mayar wa mai shi da abinsa. Ku kuma masu kaiwa, ku faɗi gaskiyar abin da kuka sani, kada ku ja wa bawan Allah bala'i sannan ku koma gefe kuna jan carbi. Wanda kuma ya ga abu da idonsa aka neme shi shaida, ya tuna akwai ranar da za a tambaye shi.

Jakar dai ban san inda ta ƙare ba, ban ƙara bin hanyar ƙauyen ba kuma ba na tambaya. Abin da na sani kawai, aikin da na yi mata ba mai lalacewa ba ne nan kusa, zai yi shekaru bai saki ba, kuma wuta ta kasa cire shi. In tana nan a rataye a wani ɗaki, to har yanzu tana cika, kuma akwai wanda yake juye ta sau uku a rana. Allah ya tsare mu da abin da ba mu sani ba.